Filashin Kawu Sale Daga Masar

Duk wanda ya taɓa ba Kawu Sale lambar wayarsa ya san abin da ya jawo wa kansa. Kana zaune waya ta yi ƙir, kafin hannunka ya kai aljihu ta ɗauke. Kawu ke nan. Tun da wayar hannu ta shigo Kaduna har Allah ya karɓi abinsa watan jiya, mutumin nan bai taɓa yarda an yi kati don a kira mutane ba. A wurinsa ana sa kati ne don kada layi ya mutu, shi ke nan. Filashin ɗaya, yana nan da ransa, kada ka dame shi. Biyu, ka kira shi. Uku, ka taso ka zo da ƙafarka. Liman ya sani, mai nama ya sani, telolin Tudun Wada da yake gyara wa keken ɗinki duk sun haddace. Ni kuwa da nake ɗan yayarsa na fi kowa shan wannan azaba, don tun da aka rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri dangi suka yanke cewa Tanimu ba shi da abin yi, kowa ya aike shi.

Wasunku sun ce in rubuta wani abu a kansa tunda ni na raka shi Masar. Ni ba marubuci ba ne, aji uku na sakandare na tsaya, kuma ban iya shafa wa magana mai ba. Abin da na gani shi zan faɗa. Wanda ya ji haushi ya same ni a gida, ya san ba na zuwa ko'ina.

Kun tuna shekarar da ya karye? Ya je Romi gyara wa wata Madam Rifkatu keke, a hanyar dawowa ɗan acaɓa ya watsar da shi a kwata. Mutane suka taru, wannan na salati, wancan na kiran Yesu. Wata mai gasa masara ta ce, "Baba, kira 'yan gidanku mana!" Ya lalubo wayar, ya goge ta da hula, ya yi min filashin uku. Uku na nufin in zo. In zo ina? Na je shago, ba ya nan. Na je gida, ba ya nan. Na kira, wayar ta riga ta sha ruwan kwata ta mutu. Haka na dinga zagaye Kaduna kamar mahaukaci, sai da mai masarar ta gaji, ta karɓi lambar matarsa Inna Asabe a bakinsa, ta kira da tata wayar.

Da na same shi a asibiti an ɗaure ƙafar, na ce, "Kawu, akwai kati a wayar nan. Me ya hana ka kira ka ce ga inda kake?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai Tanimu, ƙafata ce ta karye, ba hankalina ba."

Bayan wannan ne aka yi ta yaɗa jita-jitar nan cewa akwai lambobin da in ka ɗauka jini zai fito maka ta kunne, ga kuma 'yan damfara sun fara yawa. Kawu ya tara gidansa kamar za a raba gado. Ya ɗauki gawayi ya jera lambobin da ya amince da su a bangon zaure, sannan ya juya wajen Inna.

"Asabe, duk lambar da ba suna a kanta, musamman mai alamar tarawa a gaba, in kika ɗauka ban yafe ba."

Inna ta ce, "To."

Ku da kuka san Inna Asabe kun san wannan "to" ɗin. Ba ta musu, kuma ba ta mantuwa. 'Yarsu Hadiza da ke aure a Zariya ta canza layi, ta yi sati biyu tana kiran uwarta, uwar tana kallon wayar tana tsinke zogale. Sai da yarinyar nan ta hau mota ta zo a firgice, ta ɗauka wani abu ya faru. Tana kuka tana cewa wace irin doka ce wannan. Kawu ya miƙa mata gawayi ya ce, "Rubuta sabuwar a ƙasa. Kin ga amfanin dokar ai, wata shida ba ki zo gida ba, ga shi ta kawo ki."

To, shekara huɗu da suka wuce zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Likitoci suka ce jijiya ta toshe, sai tiyata. Babban ɗansa Nasiru, wanda ke Abuja yana sa kwat, ya shirya komai a wani asibiti a Alƙahira. Amma shi ba zai samu zuwa ba, aiki ya yi yawa. Ƙannensa ma aiki ya yi yawa. Aka waiwaya aka ga wane ne aiki bai yi wa yawa ba. Aka yi min fasfo.

Ranar tafiya ina tsaye a tsakar gida da jaka. Kowa ya san in mutum zai yi irin wannan tafiya yakan nemi yafiya, ko kunya yake ji sai ya ce a yafi juna. Inna ta fito ta tsaya bakin ƙofar ɗakinta, tana jira. Kawu ya gyara hula ya ce, "A riƙa kashe fitilar zaure. Kada a ba kowa aron sukuddireba ta. Maganar baƙuwar lamba tana nan yadda take."

Inna ta ce, "Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Me ya rage?"

Ta dube shi, ta dube ni, ta saki labule. Ko Allah ya kiyaye hanya ba ta ce ba. A mota na ce, "Kawu, da ka koma." Ya ce, "Tiyata ce, ba yaƙi ba. In na tsaya neman gafara sai a ce tsoro nake ji."

Muna sauka a Alƙahira ya ciro wayarsa. Kun san ta, ƙaramar nan mai madannai da aka ɗaure da robar kuɗi don kada batir ya faɗo. Ba sabis. Layin nasa ba a buɗe shi don ƙasar waje ba, wa zai buɗe, shi da ko kati ba ya taɓawa? Ya ɗaga ta sama. Ya kashe ya kunna. A masaukinmu, hawa na shida a wani dogon bene kusa da asibitin, ya tambaye ni ta ina Kaduna take, na nuna masa inda na ga dama, ya miƙa hannu ta taga ya riƙe wayar a can har kafaɗarsa ta gaji.

"Ƙasa guda ba sabis," in ji shi. "Kuma wai nan aka kawo ni a gyara min zuciya."

Washegari muna saukowa sai muka ji an ce, "Baba Filashin! Kai ne ko idona?" Oga Emeka ne, mai sayar da kayan gyaran mota a Kakuri, wanda Kawu ya sha gyara wa matarsa keke. Ya zo a yi masa aikin gwiwa, ya yi sati uku, yana dogara sanda, ya san duk lungun unguwar. Wallahi ban taɓa murnar ganin mutumin Kakuri kamar ranar ba. Shi ya gaya mana sai mun sayi layin ƙasar, ya ja mu wani shago a bakin titi.

Mai shagon ya ce a ba shi fasfo.

Kawu ya dafe aljihu. "Fasfo? Don layi? Aure zan ɗaura?"

"Haka dokarsu take, Baba," in ji Oga Emeka. "Ni ma na bayar, ga ni ban ɓata ba."

Sai da muka yi rabin awa kafin ya saki fasfon, kuma bai sake shi duka ba, yana riƙe da gefe ɗaya Balaraben na kwafa. Aka zo sa layi. Wayar guri ɗaya gare ta, dole a cire na gida. Aka kwance roba, batir ya faɗi ƙasa, murfi ya yi nasa wuri. Da Balaraben ya zaro tsohon sim ɗin, Kawu ya karɓe shi da hannu biyu kamar jariri, ya buɗe gwangwanin alluran keke da ba ya rabuwa da shi, ya kwantar da shi a ciki. Mai shago ya fara bayanin irin katin da ake kiran ƙasashen waje da shi, Oga Emeka na fassarawa da Turancinsa da guntun Larabcin da ya tsinta. Kawu ya katse su.

"Bar wannan. Tambaye shi, layin yana filashin?"

Oga Emeka ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya yi ƙoƙarin yi wa Balaraben bayani, mutumin ya kasa gane dalilin da zai sa dattijo ya taso daga Najeriya ya sayi layi don ya kira ya kashe. Duk da haka na sa an loda masa katin kiran waje, ni ma na sayi nawa layin mai data.

Da aka kunna wayar sai wata sabuwa ta ɓullo. Duk sunayen mutanensa a kan tsohon sim suke, yanzu wayar fayau take, ba suna ko ɗaya. Lamba ɗaya tak ke kansa, ta Inna. Ya danna ta yadda ya saba, ya kara a kunne don ya ji ta shiga ya kashe. Sai wata mata ta kama zuba masa Larabci.

Ya zaro ido. "Wace ce wannan a wayar matata?"

"Na'ura ce, Baba," in ji Oga Emeka. "Tana cewa lambar ba daidai ba. A nan sai ka sa alamar tarawa, ka sa biyu uku huɗu, lambar Najeriya ke nan, sannan ka cire sifilin farko."

"In cire me?"

"Sifili."

"Lambar Asabe da sifilinta na karɓe ta. Ba wanda zai rage min ita don na zo ƙasarsu."

Yini guda ya yi yana faɗa da matar na'urar nan. Ya ce ba ta da tarbiyya, ba ta ko sallama. Ni na yi magana har na gaji na fita na bar masa ɗakin, na sauka hawa shida na sake hawowa don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Oga Emeka ne ya samo dabara. Ya ce, "Baba, ba jefar da shi za ka yi ba, ajiya ce. In ka koma Kaduna ka mayar mata abinta." Kawu ya yagi gefen takardar magani, ya zana sifili ƙato a kai, ya ninke, ya sa a gwangwanin allura kusa da sim. Sannan ya danna lambar yadda aka ce. Ta shiga. Ya yi filashin ɗaya, ya mayar da waya aljihu yana murmushi, wai ya sanar da gida ya sauka lafiya.

Ranar Litinin muka ga likita. Ta bakin tafinta ya ce aikin ranar Alhamis ne da safe, don ranar Juma'a zai yi tafiyar wata guda, mu kuma bizarmu ba za ta kai ba. Ya ce jijiyar ba ta jiran wata guda. Sannan aka kawo takardar nan da ake sa hannu, wadda ke cewa an gaya maka ana iya shiga ba a fito ba. Tafinta ya karanta ta tsaf, bai tsallake komai ba. Na ga biro ya tsaya a hannun Kawu. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ajiye biron.

"Ba zan sa ba sai na ji Asabe ta ce ta yafe min."

Na ce, "Alhamdu lillahi, ai wannan mai sauƙi ne. Ga waya, ga kati. Kira ta."

Ya yi filashin biyu.

Muka jira. Shiru. Bayan azahar ya sake biyu. Bayan la'asar biyu. Ranar Talata da safe har uku ya yi, na ce, "Kawu, ta taso ta zo da ƙafarta Masar?" Ya ce in rufe masa baki.

Ni fa zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fita baranda, in sauka ƙasa, in dawo. Abincinsu ma ba ya wuce min, kullum wake da burodi. Na yi wa matata Rabi saƙon murya na ce ta bar duk abin da take yi ta je Tudun Wada ta gaya wa Inna wannan lambar ta Kawu ce. Ta je. Saƙon da ya dawo, muryar Inna ce da kanta, a natse kamar tana ba da labarin farashin tumatir.

"Ki gaya wa Tanimu na gani. Tun ran Lahadi nake gani. Duk duniya wa zai yi filashin daga ƙasar waje in ba kawunku ba? Amma baƙuwar lamba ce, ga alamar tarawa a gabanta, an ce in na ɗauka ba a yafe ba. Kuma ko ina so, me zan ɗauka? Kafin in miƙa hannu ta mutu."

Rabi ta ce bari ta sa mata suna a kan lambar. Inna ta ce a'a, mai gawayi ne ke ƙara lamba a gidan nan. Rabi ta ce to Inna ta kira shi, za ta nuna mata yadda ake yi. Inna ta ce, "Shekara ashirin ni ke kira. In yana da magana da ni, ya bar wayar ta yi kuka kamar ta mutane. In ta yi, na san abin da zan yi."

Na kunna wa Kawu saƙon. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Ka ji taurin kai ko?"

Na ce to ga wayata, Rabi na can, a yi kiran bidiyo ku ga juna, a gama. Ya ce, "Ba a neman gafara da wayar aro."

Na tura wa Nasiru lambar na ce ya yi wa ubansa magana. Ya kira. Wayar Kawu ta yi ta kuka a kan gado, shi yana kallonta.

"Kawu, Nasiru ne, ɗauka!"

"Ina sunansa? Ka ga suna? Ga alamar tarawa ɓaro-ɓaro. Ni na kafa doka, ni zan fara karya ta?"

Sai Nasiru ya juyo kaina. Wai me nake yi a can, wai an tura ni in kula da dattijo na kasa, wai ko na san abin da aka kashe. Yaron da na goya a kafaɗa! Na ce masa jirgi bai daina tashi daga Abuja ba, in ya iya ya zo ya gwada. Ya kashe waya. Har yau gaisuwarmu sama-sama ce, kuma in yana karanta wannan, ban janye ba.

Ranar Laraba da la'asar muna baranda mu uku. Asibiti sun aiko sau biyu suna tambayar takarda. Oga Emeka ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan kujera ya ce, "Baba, abeg, me ke cikin kira? Ni yau sau huɗu na kira Madam. Sau uku zagina ta yi. Ga ni, ban mutu ba."

Kawu na ta juya wayar a hannu. Ni kuma abin ya kai min wuya. Na miƙe na ce, "Kawu, ni ban iya kwana-kwana ba. Ba kati kake tausayi ba, kati ni na sa. Tsoro kake ji. Ka taso mu tun daga Kaduna, gobe likita zai wuce, ka koma gida da toshasshiyar jijiya ka faɗi a shago, a ce Tanimu ne ya kai shi ya dawo da shi haka. Duk don kada ka danna abu ɗaya ka bar shi!"

Na ɗauka zai zage ni. Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Sai ya yi ƙasa da kai, ya ce a hankali, "Ba wuƙar nake tsoro ba."

"To mene ne?"

"In na yi filashin ba a kira ba, sai in ce ba ta gani ba, ko tana kicin. In na bar ta ta yi ta kuka har ta katse, Asabe na zaune tana kallo fa? Da wannan zan shiga?"

Oga Emeka ya kama duban titi.

Alhamis da safe aka kai shi ɗakin shiri. An sa masa rigar nan mai buɗaɗɗen baya, an cire masa hula, ban taɓa ganin ƙanƙantarsa kamar ranar ba. Nas biyu na tsaye da gadon turawa, tafinta riƙe da takarda da biro, yana duba agogo. Oga Emeka ya dogaro sandarsa ya zo, wai ba zai bari a ba shi labari ba. Tafinta ya ce likita ya ba da minti goma, in ba a sa hannu ba za a shigar da na bayansa.

Kawu ya ce, "Ba ni wayar."

Ya danna lambar da kansa, da alamar tarawa, ba sifili. Sannan ya mayar da wayar hannun hagu, ya miƙo min na dama.

"Riƙe min babban yatsan nan. Ba ya jin magana."

Na riƙe. Wallahi tallahi yatsan nan fizga yake yi a hannuna kamar kifi. Ta yi kuka na ɗaya. Na biyu. A na uku ya ce, "Sake ni." Na ƙi. Na huɗu. Na biyar. Gumi ya karyo masa. Oga Emeka na ta motsa baki, ban san ko addu'a yake ko ƙirge ba. Ni kaina na fara cewa a raina, Inna, don girman Allah. A na bakwai aka ɗauka.

Wayar irin mai ƙarar nan ce, duk ɗakin muna ji.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

"Asabe, ni ne."

"Na sani. To ga shi na ɗauki baƙuwar lamba, Malam. Ka ce ba ka yafe ba. Sai ka fara da wannan."

Ya ce, "Na yafe. Na janye maganar. Duniya da lahira."

"To."

"Asabe, za a shiga da ni yanzu. Ranar da zan taho... ban yi daidai ba. Da ma sauran ranakun. Ki yafe min."

Har na ɗauka layin ya yanke. Sai muka ji ta ja hanci ta ce, "Na yafe maka tun kafin motarku ta fita layi. So nake in ji ka tambaya. Allah ya tashe ka lafiya, ya dawo min da kai."

Na saki yatsan, don na san yanzu zai kashe. Ya karɓi biro ya sa hannu, wayar na maƙale a kunnensa. Bai kashe ba. Ya ce ta karya kuwa? Me ta ci? An yi ruwa? Akuyar ta haihu? Wa ya zo neman gyara? Aka ɗora shi a gado ana turawa, ina biye, yana tambayar ko ƙafarta ta daina kumburi. Mutumin da bai taɓa ƙona minti ɗaya a kan kowa ba! Muna isa ƙofar tiyata katin ya ƙare, matar na'ura ta shigo da Larabcinta.

Ya ciro wayar daga kunne ya harare ta. "Wannan matar kuma! Tun da na zo take shiga tsakanina da iyalina."

Ya miƙo min ita, aka rufe ƙofa.

Awa biyar na yi ina auna barandar asibitin nan da ƙafa. Da ya farfaɗo, ga robobi a hanci, ga su a hannu, abin da ya fara nema waya. Na riga na sake sa kati, na ɗauka an samu sabon Kawu. Ya danna lambar Inna, ta yi ƙir, ya kashe. Filashin ɗaya. Yana nan da ransa.

Na ce, "Haba Kawu!"

Ya lumshe ido ya ce, "Zuciya aka gyara min, ba hali ba."

Haka kuwa aka yi. Muna sauka Najeriya ya mayar da tsohon sim, ya mayar wa Inna sifilinta, ya ci gaba da addabar jama'a shekara huɗu cur. Lambobin bangon zaure dai ya sa an shafe su da farar ƙasa, bai ce wa kowa komai ba. Amma kira, daga wannan bai ƙara ba. Sau ɗaya ne a rayuwarsa, kuma ina wurin.

Bayan addu'ar uku aka buɗe shagonsa ana tattara kaya. 'Ya'ya na maganar kekunan ɗinki da kawunansu da wa zai ɗauki me. Inna ta aiko a kira ni. Ta ce, "Tanimu, akwai wani gwangwanin allura." Na kawo mata. Ta buɗe, ta ture alluran da yatsa, ga ɗan sim ɗin Masar, layin da ya mutu tun tuni, ga takardar sifili a ninke. Ta kwashe su ta ƙulle a bakin zaninta, ta miƙo min gwangwanin ta ce a haɗa da sauran kaya. A wayarta kuwa lambar nan tana nan, Rabi ta gani. Har yau ba suna a kanta.

Ni dai na yi shekaru ina tsine wa ƙir ɗin nan na safe. Yanzu sai in idar da sallar asuba in ajiye waya a gabana, in kama kaina ina jira. Ba mai yi min filashin don kawai in san yana da rai. Masu kira na duk aike ne.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kamar yadda aka yafe masa a ƙofar tiyata, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Inna Asabe haƙuri da lafiya, ya sada su a inda ba sai an nemi juna ba. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu ikon neman yafiya tun muna tsakar gida. Amin.